Ƙanina ya ce barci ya ɗauke shi ranar da ake rabon baiwa

Yayar Auta:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau kwana huɗu wata magana ta tsaya mini a rai, na ce bari in kawo ta nan ko na samu sauƙi.

Mu biyar ne a wajen iyayenmu. Babban yayanmu likita ne, ni ina koyarwa, mai bi mini lauya ce, na huɗu harkar kwamfuta yake yi, sai auta, shekararsa 27. Da ƙyar da jiɓin goshi ya gama makaranta, ya gwada aiki sau biyu bai daɗe ba. Ran nan muna zaune ana hira, ana ta wane ya iya kaza wance ta iya kaza, sai ya ce, "Ni dai ranar da ake rabon baiwa barci ne ya ɗauke ni." Kowa ya kwashe da dariya, har da ni. Sai daga baya na tuna fuskarsa, na gane shi yaƙe ya yi.

Abin da ya sa maganar ta dame ni shi ne, bara ya yi tafiyar wata uku, gidan ya kusa kifewa. Babanmu yana da hawan jini da ciwon suga. Yaya likita ya rubuta lokutan magani tsaf ya manna a bango, amma Baba ya ƙi karɓa a hannun kowa sai da rigima, sau biyu muna kwana a asibiti. Shi auta kuwa daga yadda Baba yake jan takalmi a tsakar gida yake gane sugansa ya sauka, tun kafin a ɗauko abin gwaji. Ni da ƙanwata kuma muka yi sati shida ba ma ga maciji. Ashe duk shekarun nan shi ke kai saƙo tsakaninmu yana cire masa ƙaya. In na ce je ka gaya mata ba ta da kunya, sai ya je ya ce mata, "Yaya tana cigiyarki."

To ina tambaya: wannan baiwa ce? Ko kuwa don shi ne ba shi da aikin yi, shi ya sa ya ƙware a zaman gida? Ina son in yi masa magana, amma ba na son in yi masa ƙarya don tausayi, zai gane.

Ɗan Gardama:
Wa alaikumus salam Anti. Ki yi haƙuri, ni ba na ɓoye-ɓoye. Maganar "kowa da baiwarsa" lallashi ce da muka ƙirƙiro don kada wanda ya zo na ƙarshe ya yi kuka. In kika ajiye ko wane ne a gida da tsoho ɗaya shekara biyar, zai san takunsa. Sabo ke nan. Ki taimaka masa ya koyi sana'a, shi ya fi masa kirari.

Maman Biyu:
Kai dai ba ka taɓa shigowa da alheri ba. Mahaifiyarsu fa shekara nawa take zaune da Baban? Me ya sa ita ba ta gane takun ba, in sabo ne?

Yayar Auta:
Wallahi Maman Biyu kin taɓo wajen. Shekararsu 41 tare, amma ita sai ya fara gumi take ankara.

Tsohon Hedimasta:
'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tsaya kika yi tunani, da yawa dariyar za su yi su wuce. Na yi shekara 34 a gaban allo, kuma babban abin da nake nadama a kai shi ne awon da muke yi wa yara. Takardar sakamako tana auna ƙwaƙwalwar da ke riƙe abu ta mayar da shi a kan takarda cikin awa biyu. Wannan baiwa ce, ban musa ba, amma guda ɗaya ce tak, mu kuma muka ɗora mata rawani.

Akwai wani yaro da na koyar, kullum yana cikin biyar na ƙarshe. Amma duk ranar da bai zo ba, na san sai an yi dambe a ajin kafin tashi. Ban taɓa ganin ya raba faɗa ba. Yana dai sanin wanda ya zo da ɓacin rai daga gida, sai ya koma kusa da shi ya zauna. Shekara uku ina rubuta masa "ya ƙara ƙoƙari" a ƙasan takardarsa, ban taɓa rubuta wancan ba, don babu gurbinsa a takardar.

A 1983 wani masanin halayyar ɗan Adam a jami'ar Harvard, Howard Gardner, ya fito da ra'ayin cewa basira kashi bakwai ce, ya lissafo har da iya fahimtar mutane da iya fahimtar kai. Masana da yawa sun soke shi, sun ce hujjarsa ta gwaji ba ta da ƙarfi, kuma wasu abubuwan da ya kira basira hali ne ko ƙwarewa. Ni rigimar suna ba ta dame ni ba. Ku kira shi abin da kuka ga dama, na dai ga aji mai yaro ɗaya irin wannan, na kuma ga ajin da babu.

Dalilin da ya sa ku ba ku gani ba kuwa, an tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe.

Ɗan Gardama:
Allah ya ƙara girma Baba. Amma ai akwai binciken da ya nuna aiki ne komai. Wanda aka yi a Balin ta Jamus aka wallafa a 1993, na Anders Ericsson da abokan aikinsa, kan ɗaliban da ke koyon goge irin na Turawa. Waɗanda suka fi ƙwarewa sun tara kusan awa 10,000 na atisaye kafin su kai shekara 20, na ƙasa da su ba su kai haka ba. Ina baiwar take a nan? Wanda ya fi gumi shi ya fi iyawa.

Injiniya:
Ɗan'uwa, rabin labarin ka kawo. A 2014 Brooke Macnamara da wasu sun tattara bincike 88 suka duba ko atisaye nawa yake bayyana bambancin da ke tsakanin mutane. A wasannin ƙwaƙwalwa irin na dara kashi 26 cikin ɗari, a kiɗa 21, a wasannin motsa jiki 18, a karatu 4, a sana'o'in ofis bai kai kashi 1 ba. Atisaye yana da nauyi, amma ya bar fili mai faɗi ga wasu abubuwan. Sannan ka tuna waɗancan ɗaliban na Balin duk zaɓaɓɓu ne, sai da suka nuna wani abu aka ɗauke su makarantar. Ka tara dogaye zalla a ɗaki, sai ka ce tsawo ba ya tasiri a ƙwallon kwando.

Kuma ni ina ganin juriyar zama awa 10,000 a kan abu ɗaya ita kanta ba kowa aka ba ba. Ni an sa ni koyon zane ina yaro, minti 20 nake ji kamar an ɗaure ni. Amma ka ba ni rediyon da ya lalace, sai an kira ni sau uku ban ji ba.

Ɗan Gardama:
To na ji. Amma gyaran rediyo ana biya. Wa zai biya auta kuɗin "Yaya tana cigiyarki"?

Nas Mai Aikin Dare:
Ni ce zan amsa maka wannan, don a gabana ake yi. Akwai wata mai shara a ɗakin yara inda nake aiki, ba ta yi boko mai nisa ba. Yaron da ya ƙi yarda a sa masa allurar ƙarin ruwa, mu uku mun riƙe shi yana fizge-fizge, jijiya ta ɓace, uwar tana kuka, sai matar nan ta jingine tsintsiya ta zo ta durƙusa daidai fuskarsa. Ba ta cewa "yi shiru". Tambayarsa take yi wani abu can daban, wa ya saya maka wannan rigar, ƙaninka ya fi ka gudu ne, sai ka ga kafaɗar yaro ta sauka. Mu kuma mu samu jijiya a karo ɗaya. Albashinta na shara ne, ko sisi ba a ƙara mata don wannan. Amma yaron da aka soka sau ɗaya maimakon sau biyar, je ka tambaye shi ko abin yana da daraja.

Kuma tunda ana kawo na waje, ga wanda mu ma'aikatan lafiya muka sani. James Harrison, mutumin Ostireliya. Yana ɗan shekara 14 aka yi masa babban aiki a ƙirji, aka ƙara masa jini mai yawa, sai ya yi alkawarin shi ma zai riƙa bayarwa. Ya fara yana 18. Daga baya aka gano jininsa yana ɗauke da wani sinadari da ba kasafai ake samu ba, wanda ake haɗa allurar anti-D da shi. Ita ce ake yi wa mace mai ciki da rukunin jininta yake nagetif na ɗan kuma fozitif, don kada jikinta ya ɗauki jinin ɗan a matsayin abokin gaba ya yaƙe shi, musamman a cikin da zai biyo baya. Mutumin nan ya ba da jini sau 1,173, bai daina ba sai 2018 da ya kai shekara 81, dokar ƙasarsu ta tsayar da shi. Hukumar jini ta can ta ƙiyasta jarirai sama da miliyan 2 sun amfana. Kuma duk tsawon lokacin nan tsoron allura yake ji, ba ya kallon lokacin da ake soka masa.

Shi dai bai yi atisayen awa ko ɗaya ba kafin jininsa ya zama haka. Abin da ya yi da kansa shi ne zuwa, shekara 60 da ɗoriya yana miƙa hannu yana kau da kai.

Maman Biyu:
Allahu akbar. Sista, ni aka yi wa wannan allurar a cikina na biyu. Ban taɓa tunanin daga jikin wani bawan Allah take fitowa ba, na ɗauka a kamfani ake haɗa ta kamar farasitamol.

Ɗalibin Ilimi:
Bismillah. Yayata, maganar ƙaninki ko da wasa ya yi ta, a gyara masa, don babu wanda aka manta da shi. A cikin Suratuz Zukhruf, aya ta 32, Allah ya ce shi ya raba wa mutane abin rayuwarsu, ya ɗaukaka wasu a kan wasu da darajoji don sashensu ya riƙa yi wa sashe aiki. Malaman tafsiri suka ce buƙatar ta kowane ɓangare ce, mai dukiya yana buƙatar mai ƙarfi kamar yadda mai ƙarfi yake buƙatarsa.

Ku dubi yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da sahabbansa. Bilal aka ba kiran salla. Hassanu bin Sabit aka ce ya mayar da martani da waƙa. Zaidu bin Sabit yana yaro aka ga saurin ɗaukarsa, aka umarce shi ya koyi rubutun Yahudawa, ya iya cikin kusan rabin wata, kuma shi ɗin ne Abubakar ya ɗora wa aikin tattara Alƙur'ani bayan yaƙin Yamama. Salmanu ya zo da dabarar haƙa gwalalo daga ƙasarsu ta Farisa a shekara ta 5 bayan hijira. Amma wanda ya fi tsaya mini shi ne Abu Zarri. Ya nemi a ba shi shugabanci, aka ce masa kai mai rauni ne, ita kuwa amana ce. Hadisin yana cikin Muslim. Mutumin da aka shaida da gaskiyar harshe, amma aka gaya masa kai tsaye nan ba wurinka ba ne. Sanin baiwar mutum ya haɗa da sanin inda ba ta kai ba.

An kuma ruwaito wani mai yawan ibada ya rubuta wa Imamu Malik yana kiransa ya bar zaman karantarwa ya keɓe don bauta. Malik ya amsa masa da cewa Allah ya raba ayyuka kamar yadda ya raba arziki, wani an buɗe masa ƙofar salla ba a buɗe masa ta azumi ba, wani ta sadaka, shi kuma ya yarda da ƙofar da aka buɗe masa ta yaɗa ilimi, yana fatan su biyun duk suna kan alheri. Sulhunta 'yan'uwa biyu kuwa, wannan ƙofa ce babba, ba sai na ja ayoyi ba.

Mai Koyar da Waƙa:
Malam, mu ma a wajenmu haka yake. A Littafi Mai Tsarki, 1 Korintiyawa sura 12, an kwatanta jama'a da jiki, aka ce ido ba shi da ikon ce wa hannu ba na buƙatarka, har aka ƙara da cewa gaɓoɓin da ake gani kamar raunana su ne ba a iya yi sai da su. Ni a ƙungiyar mawaƙa na ga haka. Akwai wadda muryarta ba za ta taɓa jan baiti ita kaɗai ba, amma kunnenta ba ya kuskure, duk wanda ya tsaya kusa da ita ba ya kaucewa. In ba ta zo ba sai layinsu gaba ɗaya ya zame, kuma su kansu ba su san dalili ba.

Ɗan Gardama:
Duk na ji, kuma ban raina ba. Amma kuna magana kamar baiwa kullum alheri ce. Fritz Haber fa? Bajamushen da ya gano yadda ake ɗebo sinadarin naitirojin daga iska a yi takin zamani, abin da ya ciyar da biliyoyin mutane, har aka ba shi kyautar Nobel ta 1918. Shi ɗin dai ya jagoranci sakin iskar guba ta kulorin a kan sojoji a Ypres ta Beljiyam, Afrilun 1915. Ƙwaƙwalwa ɗaya ce. Kuma mai iya karanta zuciyar mutane da kuke yabo, ɗan damfara ma da ita yake cin abinci.

Tsohon Hedimasta:
Yau kam ka faɗi gaskiya, yaro. Wuƙa ce, tana yanka duk abin da aka ɗora ta a kai. Shi ya sa nake tsoron iyayen da ke yi wa yaro kirarin basira tun yana ƙarami. Akwai gwajin da Claudia Mueller da Carol Dweck suka wallafa a 1998: yaran da aka ce musu "kai mai basira ne" sun fi gudun aiki mai wuya daga baya, kuma da suka faɗi wasunsu har ƙarya suka yi kan makin da suka ci, saɓanin waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu. Na ga wannan da idona tun ban san an rubuta shi ba. Mai zuwa na ɗaya a aji sau da yawa shi ya fi kowa tsoron ɗaga hannu.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a dawo kan tambayar Hajiya don Allah, kada mu bar ta a tsaye mu tafi yaƙin duniya.

Autar Gidanmu:
Tun ɗazu nake karantawa ina rubutawa ina gogewa. Anti, ki gafarce ni in na yi miki tsaurin ido, ƙanwarki ce ni. Ni ce auta a namu gidan, kuma ni ce "mai haƙuri", "mai hannun jinya", "wadda Mama ba ta jin maganar kowa sai tata". Shekara tara ina jin wannan yabon. Kin san me yake nufi a aikace? Duk wanda aka kira ya ce yana da aiki, ni ce ba ni da shi. Sau biyu ina samun gurbin karatu ina bari, don wa zai zauna da Mama. Yayyena suna turo kuɗi, Allah ya saka musu, suna kuma cewa ai ke Allah ya ba ki baiwar. Wata rana na ce wa babbar yayata, in baiwa ce ku zo mu raba, na yafe muku rabi. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake.

Ban ce ƙaninki ba shi da baiwa ba, daga bayaninki yana da ita, mai yawa ma. Amma ki duba da kyau: aikin nan biyu da kika ce ya gwada bai daɗe ba, me ya fitar da shi? Kin taɓa tambaya? Kada ki je ki ce masa kai ne ginshiƙin gida, shi kuma ya ji an ƙara ɗaure shi da igiya mai kyau.

Maman Biyu:
Innalillahi. Wannan ta shige ni.

Injiniya:
Ƙanwata, maganarki ta tuna mini Vivien Thomas. Baƙar fata ne ɗan Amurka, kafinta, ya tara kuɗin karatun likita sai karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ta cinye su. A 1930 ya samu aiki a ɗakin gwajin wani likitan tiyata, Alfred Blalock. Hannunsa ya fi na kowa a wurin, amma a takarda matsayin mai shara aka ba shi, albashin ma haka. Da suka koma asibitin Johns Hopkins, wata likitar zuciyar yara, Helen Taussig, ta kawo musu matsalar jariran da ake haifa jikinsu yana yin shuɗi saboda jini ba ya isa huhu yadda ya kamata. Ita ma abin mamaki ce, kunnenta ya yi rauni, da yatsu take jin bugun zuciyar jariri. Thomas ne ya yi ta gwada aikin tiyatar gyara wannan matsalar a jikin karnuka kusan 200 har ya daidaita, ya ƙera wasu kayan aikin da hannunsa. Ranar 29 ga Nuwamba 1944 da aka fara yi wa jaririya, Blalock ya sa Thomas ya hau ɗan benci a bayansa yana gaya masa inda zai sa zare.

Aka sa wa aikin sunan Blalock da Taussig. Rahoton da suka wallafa a 1945 ko ambatonsa bai yi ba. Yakan yi aikin raba abin sha a liyafar maigidan nasa don ƙarin kuɗi, yana miƙa kofi ga likitocin da ya koya wa ɗinki da safe. Sai 1976 jami'ar Johns Hopkins ta ba shi digirin girmamawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin lura shi ne Blalock ya san darajarsa sarai, bai yarda ya tafi ko'ina ba tare da shi ba. Ganin baiwar mutum bai hana a ci da guminsa ba. Wani lokacin ma wanda ya fi kowa ganinta shi ya fi amfana da zamanka a inda kake.

Ɗan Gardama:
To ai abin da na faɗa tun farko ke nan, ku taimaka masa ya samu abin yi, kuka taso mini.

Nas Mai Aikin Dare:
A'a malam, kai cewa ka yi ba shi da komai, sabo ne. Da bambanci. In ba shi da komai, kowace sana'a ka tura shi daidai ne. In yana da wannan, to akwai inda ake nemansa ruwa a jallo: jinya, kula da tsofaffi, gashin ƙashi, aikin walwalar jama'a, sasanci. Ni da za a ba ni mutum ɗaya mai gane majinyaci ya canza tun kafin na'ura ta yi ƙara, da na yi barci da ido biyu a rufe. Karatun ana koyar da shi. Wancan kuwa na yi shekara 16 ina ƙoƙarin koya wa ɗalibai, wasu suna ɗauka, wasu har su yi ritaya takardar gado kawai suke kallo.

Tsohon Hedimasta:
Kuma kowa yana buƙatar wanda zai buɗe masa ƙofa. Ramanujan akawu ne a tashar jiragen ruwa ta Madras a Indiya, ya kasa gama kwaleji don ba ya kula kowane darasi sai lissafi. Ya rubuta wa malaman lissafi a Ingila, biyu ba su ba shi muhimmanci ba, na uku, G. H. Hardy na Kambirij, ya zauna ya karanta wasiƙar a 1913. Da shi ma ya ture ta fa? Amma ku lura Hardy bai tsaya a yabo ba, ya nemo masa hanyar zuwa. 'Yata, ki je da yabon, ki kuma je da wani abu a hannu.

Yayar Auta:
Na gode muku duka. Autar Gidanmu, ba ki yi tsaurin ido ba, kin tsaga ni ne inda ƙurjin yake. Ban san amsar tambayarki ba, kuma kunyar hakan nake ji. Zan je gidan gobe in sha Allah.

Mai Kula da Zaure:
Allah ya kai mu. Muna jiran bayani Hajiya.

Yayar Auta:
Salam 'yan zaure, na dawo. Na same shi yana yanke wa Baba farce, na jira ya gama muka fita waje. Na fara zayyano masa abin da ya faru da ba ya nan, da maganar takalmi, da ta saƙon da yake gyarawa. Sai ya ce, "Au, kin gane?" Ya yi dariya sosai, ta gaske wannan karon. Ya ce shi bai ɗauka wani abu ba ne, ya zaci kowa yana jin takun, kawai dai mun fi shi abin yi.

Sai na tambaye shi aikin nan biyu. Ya yi shiru ya daɗe. Na farko, ya ce lokacin ne Baba ya faɗi a banɗaki, ya nemi hutun sati biyu aka hana shi, ya ajiye. Na biyu kuwa ni ce. Ni na kira shi ranar nan na ce ai kai naka aikin ba wani mai ƙarfi ba ne, ka riƙa kai Baba asibiti ranar Talata. Talata huɗu a jere, suka sallame shi. Wallahi na manta na taɓa faɗin haka. Shi kuma bai taɓa gaya wa kowa dalilin ba, mu muna can muna cewa ba ya iya riƙe aiki.

Na kawo masa maganar Sista ta karatun jinya. Ya ce shi jini ba ya so, amma ya daɗe yana kallon masu gashin ƙashi da ke motsa wa Baba ƙafa, har yana gwadawa a gida, kuma ɗayansu ya taɓa tambayarsa a ina ya koya. Shekara biyu da yin wannan, bai gaya mana ba.

Daren jiya na kira sauran ukun. Lauya ta karɓi Alhamis, na ɗauki Asabar da Lahadi, na kwamfuta ya ce zai biya mai zuwa da safe. Yaya likita ya ce zai duba jadawalinsa. Baba kuma da aka gaya masa ya ce shi ba ya shan magani a hannun kowa.

Autar Gidanmu:
Anti, kada ki bar Yaya likita da "zan duba". Ki sa ya faɗi rana. Na san wannan jadawalin, namu shekara tara ana dubawa.

Nas Mai Aikin Dare:
Maganar Baba kuma, auta ya zauna kusa a satin farko, ke ki miƙa maganin shi yana hira da shi. Kuma ki sa ya nuna miki yadda takun yake canzawa, ko rabi kika ɗauka ya rage.

Ɗan Gardama:
Ku ba ni Talatar, in dai Baban yana son musu.

Yayar Auta:
Yana so kuwa, har ya fi ka. Talatar ce ma har yanzu babu mai ita, yanzu zan sake kiran Yaya.